Rigakafin da Hajiya za ta yi kafin ta zo Umara

Malam, ka tambaya ko mahaifiyarka mai tasowa daga Kano zuwa Jidda sai ta yi gwajin korona. Saudiyya ta soke sharaɗin gwajin korona na PCR tun Maris 2022.

Allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, ACYW, ita ce wajibi. A yi mata aƙalla kwana 10 kafin ta sauka. Nan ake yawan tuntuɓe, a yi allurar ana jibi tafiya, alhali jiki bai gama gina kariya ba, takardar shaidar allurar ma ba ta fara aiki ba. A tabbatar an rubuta nau'in allurar: takardar wadda ake kira conjugate shekara 5 take aiki, ta polysaccharide kuma shekara 3.

Ta kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara a jakar hannu, sunanta daidai da na fasfo.