Me ya kumbura ledar a hanyar Ɗa'ifa?

Tambaya: Malam, na sayi ledar soyayyen dankali a Jidda, ban buɗe ba. Muna hawa Ɗa'ifa ta kumbura tim. Ta lalace ne?

Amsa: Hajiya, ci abinki. Ɗa'ifa na bisa duwatsu, tsayin sama da mita 1,800 daga matakin teku, iskar can ba ta danne ledar kamar ta Jidda. Dannin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai iskar cikin ledar ta samu sarari ta baje. Masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana haka tun 1662. Sanyin dutse kan ɗan tsuke ta, amma bai isa ya rinjaya ba. Ni tawa a gaban gilashin mota na ajiye, rana ta gasa ta, muna kwanar dutsen Hada a hanyar Ɗa'ifa ta fashe fau, yara suna ta dariya.