Amsa kan Demidov: maki 60 a gasar yara bai isa hujja ba

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka ga bidiyon Ivan Demidov, matashin ɗan wasan hokin ƙanƙara na Rasha, yana wulaƙanta sa'anninsa a kan ƙanƙara, ka kuma ga an rubuta maki 60 a wasa 30, shi ne kake tambaya ko an samu magajin Ovechkin, shahararren ɗan hokin Rasha. Lissafin gaskiya ne. A kakar 2023-24 ya ci 23, ya bayar aka ci 37 a ƙungiyar SKA-1946, sannan suka ɗauki Kofin Kharlamov, kofin zakarun gasar matasan Rasha, MHL. Amma tun zamanin da nake karatu a Rasha nake bin hokin nan, kuma makin MHL shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

MHL gasar matasa ce, kuma ba a daidaita take ba. Manyan ƙungiyoyi irin SKA suna kwashe yaran da suka fi ƙwarewa, sai su haɗu da wata ƙungiyar da ko mai tsaron raga na kirki ba ta da shi. Idan ka shiga ƙaramin ɗakin wasa irin nasu, 'yan kallo tsiraru, kana jin ƙarar sanda da muryar koci tar, za ka ga yaro mai hannu yana samun sararin da zai tsaya, ya ɗaga kai, ya zaɓi abin da zai yi. Wannan sararin babu shi a cikin manya. Ga kuma wata matsalar: a Fabrairun 2022 hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta dakatar da Rasha saboda yaƙin Yukren, don haka ba a ga Demidov ya kara da yaran Kanada da Amurka a gasar duniya ba. Matvei Michkov ya samu wannan damar a 2021 a Texas, ya ci 12 a wasa 7 a gasar 'yan ƙasa da shekara 18. Demidov bai samu ba.

Abin da ya sa na yarda da yaron shi ne kakar 2024-25, kakarsa ta farko cikakkiya a KHL, babbar gasar manya ta Rasha, wadda ya fara yana da shekara 18. Akwai wasannin da ko minti goma bai samu ba, ana ajiye shi a benci ana sako tsofaffin hannu. Duk da haka ya gama da maki 49 a wasa 65, ya karya tarihin 'yan ƙasa da shekara 20 da Kirill Kaprizov ya kafa da maki 42. A nan ne hujja take, domin masu tsaron bayan da ya wuce magidanta ne masu ƙarfi, ba yara ba.

Ka koma bidiyon, ka daina kallon ragar, ka kalli ƙafafunsa. Yana buɗe su dunduniya da dunduniya, ƙirjinsa na fuskantar tsakiyar fili alhali yana tafiya ta gefe, faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo yana can nesa da sandar mai tsaro. Mai tsaron bai san ko bugawa zai yi ko miƙawa ba, sai ya daskare rabin daƙiƙa, shi ke nan an wuce shi. Wannan ba salon Ovechkin ba ne sam. Ovechkin maharbi ne, ya tsaya a gefen hagu ya narka, har ya wuce tarihin yawan ci na Wayne Gretzky a NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, da ci na 895 a Afrilun 2025. Demidov mai ƙulla wasa ne.

Kada ka manta da Nail Yakupov. Ya ci 49, maki 101 a kakarsa ta farko a Sarnia ta Kanada, Edmonton ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL suka yi a 2012. A NHL ya buga wasa 350 ya ci 62 kacal, a 2018 ya koma gida. Gudu da harbi yana da su, amma idan faifan ba ya hannunsa sai ka rasa inda ya dosa. Shi kuwa Kaprizov na 135 aka ɗauke shi a 2015, ya yi zamansa a KHL har ya nuna, ya je Minnesota ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a 2021. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Montreal ta ɗauki Demidov na biyar a 2024, kuma a wasansa na farko a watan Afrilun 2025, da Chicago, ya ci ɗaya ya bayar da ɗaya. Alama ce mai kyau, amma dare ɗaya ne. Ni abin da zan sa wa ido shi ne jikin bango, inda ake danne mutum a ƙwace faifai, da kuma ko zai riƙa komowa tsaro idan ƙungiyarsa ta yi asarar faifan. Michkov ma, da duk baiwarsa, sai da kocin Philadelphia ya zaunar da shi wasa biyu a kakarsa ta farko, kafin ya gama da ci 26. Ina ganin Demidov zai zama babban ɗan wasa, amma kalmar magajin Ovechkin ka ajiye ta tukuna.