Yaro da madara: a sayi ƙwayar laktes ko a dakata?

Wata uwa daga Misfala a Makka ta rubuto: "Ɗana shekararsa 6. Duk ranar da ya sha madara da safe sai cikinsa ya kumbura yana ƙugi, wani lokacin har da zawo. A saidaliyya, wato kantin magani, an nuna mini ƙwaya iri biyu, ɗaya laktes zalla, ɗaya kuma haɗin sinadaran narkar da abinci mai tsada. Wacce zan saya?"

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki fitar da riyal ko ɗaya, a fara tabbatarwa madarar ce. Ki janye masa ita mako biyu, har da ta shayi da askirim. In ciki ya lafa, ki ba shi rabin kofi ki zuba ido: kumburi ko zawo kan dawo tsakanin minti 30 zuwa awa 2. In kuwa bai lafa ba duk da janyewar, a kai shi likita a duba shi, don ƙwayar cutar hanji irin jiyadiya da rashin jituwa da alkama duk suna kawo haka.

In ta tabbata, laktes zalla za ki saya. Madara na ɗauke da sukari mai suna laktos, kusan giram 12 a kofi guda, laktes ne kuma ke farfasa shi a hanji. In ya yi ƙaranci, sukarin ya wuce babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ruɓar da shi, iska da ruwa su taru. Sauran sinadaran da ke cikin haɗin nan, na gwanda da na abarba, ba ruwansu da wannan sukari. Asarar kuɗi ce kawai.

Ki juya bayan kwalin ki nemi lambar FCC, ita ce ma'aunin ƙarfinsa. Akwai mai 3,000, akwai mai 9,000. Ki fara da ƙarami, ki kuma duba shekarun da aka rubuta, ƙwayar Lactaid misali daga shekara 4 ce. Inda iyaye suka fi kuskurewa shi ne lokaci. Da kurɓin madara na farko ake tauna ƙwayar, ba bayan ciki ya fara murɗa ba, aikinta kuma bai wuce minti 30 zuwa 45 ba. Zafi na kashe ta, don haka kada a bar kwalin a mota a ranar Makka.

A ganinmu, a gida madarar da aka cire wa laktos ta fi ƙwaya sauƙi. Kamfanin Almarai na yin ta, za ki ga an rubuta "khali minal laktoz". Zabadi, wato yogot, da busasshen cuku ma yara da yawa na cin su lafiya lau. Ƙwayar a ajiye ta don makaranta da gidan biki. Nonon raƙumi da na akuya da ake yawan ba da shawara, su ma da laktos ɗinsu. Kada dai a raba shi da madara gaba ɗaya: a shekarunsa yana buƙatar kalsiyam miligiram 1,000 a rana, kofi guda na ba shi kusan 300.

Wani uba daga Jidda ya tambaya ko ɗigon laktes zai taimaki 'yarsa mai wata 4, wadda ke shan madarar gwangwani, tana amai da ƙuraje a fuska, an kuma ga ɗigon jini a kashinta.

Malam, kada ka saya, ka kai ta wurin likitan yara cikin kwanakin nan. Ƙarancin laktes na gado da wuya ya bayyana kafin shekara 2 zuwa 3, kuma ba ya kawo ƙuraje ko jini. Waɗannan alamu sun fi kama da jiki na yaƙar furotin ɗin madarar saniya, abin da laktes ba ya taɓawa. Madarar da ba ta da laktos ma furotin ɗin na nan cikinta, sai likita ya rubuta ta musamman. In leɓenta ya kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa bayan ta sha, ka kira motar asibiti a lamba 997 nan take.