Amsa: Zaman karatun mata a ƙauye, ta ina za a fara?

Malama, kin tambayi yadda za ki haɗa matan ƙauyenku a wajen Ringim su riƙa karanta littattafai kan haƙƙin mata ba tare da an ce kin zo raba aure ba.

Ki fara da mata takwas zuwa goma, a tsakar gidan wata dattijuwa da ake jin nauyinta, bayan la'asar. Ki kauce wa ranar kasuwa, damina kuwa babu mai zuwa. Ki gaida mai unguwa da liman tukuna, ki ambaci 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata ta Nana Asma'u, wadda ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan sun san shi, ba za su ƙi ba.

Mutum ɗaya ta karanta da ƙarfi, shafi huɗu sun isa, don da yawansu ajami suka iya. "Wa Zai Auri Jahila?" na Balaraba Ramat Yakubu ya dace, saboda auren dole da cire yarinya daga makaranta abu ne da suke gani.

Inda zaman ke lalacewa shi ne idan hira ta koma kan kishiyar wance. Gobe mazansu sun ji, jibi an hana su fita. Tun ranar farko ki kafa doka: mutanen cikin littafi za a tattauna, ban da sunan kowa a gari.