Warin baƙin mai a cikin man gyaɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tuyar ƙosai da awara a garin Gombe, kuma jarka guda nake sayen man gyaɗa. Na wannan karon da ya yi zafi sai na ji yana wari irin na garejin kanikawa. Anya ana haɗa man girki da baƙin mai? Ta yaya zan gane?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki ajiye jarkar nan gefe, kada ki ƙara tuya da man. Zafin kasko ba ya korar baƙin mai, a cikin ƙosan zai zauna.

Baƙin mai da giris da man gas da kalanzir duk daga ɗanyen man fetur suke, ba abinci ba ne. A ganina sakaci ya fi mugunta shigar da su man girki. Jarka ko durom ɗin da ya taɓa ɗaukar man inji, an ɗauraye shi da omo an ce ya fita, alhali roba tana riƙe mai. Injin matsar gyaɗa da giris ke ɗiga cikin tunkuza. Gyaɗar da aka shanya a gefen kwalta tana shan hayaƙin manyan motoci. Har buhun algarara, domin akan jiƙa zarensa da irin wannan mai wajen saƙa.

Na ganganci ma ya faru, kuma shi ke tayar mini da hankali. A 1959 a birnin Meknes na Maroko, 'yan kasuwa sun gauraya man girki da man injin jirgin sama, mutum kusan 10,000 suka samu shanyewar gaɓoɓi saboda wani sinadari mai lalata jijiyoyi da ke cikinsa. A 2008 kuma an kama man sunfulawa daga Yukren ɗauke da man ma'adinai, wato man da ya fito daga fetur, bayan ya riga ya shiga kasuwannin Turai.

Yanzu batun ganewa. Duk matar da ta taɓa haɗa sabulu ta riga ta san sirrin: man gyaɗa ko manja in ya haɗu da soda sai ya koma sabulu, ya narke a ruwa. Man da ya fito daga fetur ba ya komawa sabulu ko kwana za a yi ana dafa shi. A kan haka aka gina gwajin Holde. Ana tafasa ɗan man da sinadarin fotash da aka narkar a cikin sifirit, sannan a zuba ruwan zafi. In man tsantsa ne, ruwan zai tsaya garau. In ya yi hazo-hazo, akwai baƙo a ciki. Aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, kada ki gwada a madafa, sifirit na kama wuta.

Sai dai gwajin nan ba ya nuna komai sai gurɓatar ta kai wajen kashi 1 cikin 100, wato miligiram 10,000 a kilo. Ƙasa da haka sai na'urar da ake kira LC-GC-FID, wadda ke rarrabe mai daki-daki ta auna iri biyu na man da ya fito daga fetur. Na farko MOSH, wanda ke taruwa a hanta da kitsen jiki. Na biyu MOAH, wanda wasu nau'o'insa ke iya haddasa ciwon daji. A 2022 ƙasashen Tarayyar Turai suka amince a janye man girkin da MOAH ɗinsa ya wuce miligiram 2 a kilo. Kin ga tazarar. Shi ya sa rashin wari ba shaidar tsabta ba ce, balle mai kamar naki da hanci ma ya kama.

Kada ki dogara da zancen sa mai a firij wai don a gane gurɓatacce. Man gyaɗa na ƙwarai ma yakan yi kauri ya yi duhu-duhu a sanyi.

Ki ɗebi kaɗan a kwalbar gilashi mai tsabta, ki rubuta ranar saye da inda kika saya, ki kai ofishin NAFDAC na jiha tare da jarkar. Ki kuma sanar da mai shagon, wataƙila shi ma haka aka kawo masa. Nan gaba ki riƙa zuwa da jarkarki, wadda ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai man girki, a ɗura miki a gabanki.