Tambaya da Amsa: Makarantar da ta fi cin jarrabawa ita ce ta fi koyarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mamba ce a kwamitin SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta) na ƙaramar sakandaren garinmu. Makarantun gwamnati huɗu ne a gundumarmu. Da sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito, wata ta ci kashi 75 cikin ɗari, tamu kuwa 60. Har iyaye sun fara zancen cire 'ya'yansu. Wannan ya isa a ce waccan ta fi tamu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya bai isa ba, kuma don Allah ku lallashi iyaye su dakata tukuna.

Ki fara tambayar yara nawa suka zauna jarrabawar. A ce 12 ne a waccan, 9 ke nan suka ci. Da zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikinsu ran jarrabawa, da kason ya sauko zuwa 67. A makarantar da ta zaunar da 120 kuwa, yaro ɗaya bai kai kashi 1 ba. Shi ya sa ake haɗa sakamakon shekara uku kafin a ce komai.

Sannan ki nemi rajistar aji 1 ta shekara uku baya, domin nan abin yake ɓuya. Akwai yaran da talla, noma ko aure suka ɗauke, akwai kuma raunanan da akan sa su maimaita aji don sakamako ya yi kyau. A ce waccan ta ɗauki 40, ta kai 9 gaci: ƙasa da kashi 23 ke nan. Idan taku ta ɗauki 150, 120 suka zauna, 72 suka ci, ta samu kashi 48. Kin ga lissafi ya juya.

Kada ku kwatanta makin ƙarshen zango, kowane malami da irin tambayoyinsa. Ku ba 'yan aji 1 gajeren labari iri ɗaya a duk makarantun, kowa ya karanta a bayyane na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. A yi a farkon shekara, a sake a ƙarshenta, malamin wata makaranta ya riƙe agogo. Ƙaruwar da aka gani tsakani ita ce aikin malamai.

Ku kuma duba ko kowace makaranta tana da malamin Turanci da na lissafi mai aƙalla NCE, takardar shaidar malanta. Shugaban makaranta na da waɗannan takardu. In an samu tsaiko, ku rubuta wa ofishin ilimi da ke kula da ku da sunan kwamiti.