Idan Sharhi Ya Kai Inda Babu Hoto

Ɗana, jiya a ɗakin tacewa ka tambaye ni abin da mai shirya fim ɗin tarihi ko na kimiyya zai yi idan sharhinsa ya kawo shi inda babu hoto, ko dai don abin ya faru tun ba a ƙirƙiro kyamara ba, ko kuma don ido ba ya iya ganinsa. Na ce ka dakata sai na zauna, domin ba amsa ce ta a tsaitsaye ba.

Ka fara sanin cewa wannan matsala ita ce sana'ar tamu gaba ɗaya. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya an ɗauke shi ne a Faransa wajajen 1826, kuma sai a watan Disamba na 1895 'yan'uwan nan Lumière suka haska hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a birnin Paris. Duk abin da ya gabaci wannan lokaci, daulolinsa da yaƙoƙinsa da annobarsa, babu mai fim ɗinsa. Su kuwa ƙwayar halitta da cikin tauraro, ko yau ba ka da inda za ka kafa kyamara ka ɗauko su kamar yadda ake ɗaukar mutum yana magana.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, duk hoton da ka ɗora a kan jimla, ka yi wa mai kallo rantsuwa ne cewa ga abin da ake magana a kai. Gani ya kori ji. Zai manta abin da mai sharhi ya ce kafin gari ya waye, amma hoton zai zauna masa shekara da shekaru. A talabijin na jama'a kuwa nauyin ya ninka, domin ba talla ce ke riƙe da mu ba. A Ingila kuɗin lasisin da gidaje ke biya ne ke ɗaukar nauyin BBC, a Amurka kuma tashoshin PBS sun dogara ƙwarai ga gudummawar masu kallo da ta gidauniyoyi. Shirin kimiyya na Horizon yana tafiya tun 1964, na NOVA tun 1974, kuma yardar masu kallo ce ta kai su haka. Malamai suna ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye su nuna a aji, saboda haka kuskurenka na daƙiƙa huɗu yana iya zama abin da yaro zai rubuta a jarrabawa.

Tarkon farko shi ne rumbun tsoffin hotuna, kuma a nan zan fi daɗewa, don a nan na ga ƙwararru suna faɗawa. Ana ɗauka cewa duk abin da yake baƙi da fari, yana rawa, da zane-zanen tsufa a jikinsa, to shaida ne. Ka dubi fim ɗin da Geoffrey Malins da John McDowell suka ɗauka na yaƙin Somme, a Faransa, lokacin yaƙin duniya na farko, a 1916. Mafi yawansa na gaske ne, amma fitaccen wurin nan da sojoji ke haurowa daga rami wasu suna zubewa, masu bincike sun daɗe da nuna cewa shirya shi aka yi a bayan fagen daga. Duk da haka an yi ta maimaita shi a shirye-shirye ba adadi a matsayin mutuwa ta gaske. Ƙari a kan wannan, fina-finan wancan zamani ba su da sauti, don haka duk ƙarar igwa da takun sawu da ka ji a kansu wani ne ya ɗora daga baya. An kuma ɗauki yawancinsu da hotuna 16 zuwa 18 a daƙiƙa, mu kuwa muna haskawa da 25, shi ya sa kake ganin mutanen da suna tafiya da gaggawa kamar ana korarsu. Idan ba ka daidaita gudun ba, ka mayar da jana'iza abin dariya.

Ni kaina na taɓa shan kunya a nan. Muna wani shiri a kan tashar jiragen ruwa a shekarun 1930, na samo wani kyakkyawan hoto daga wani rumbu, an rubuta a jikin gwangwanin cewa na wannan zamani ne, na kuwa yarda ban bincika ba. Bayan an haska, sai ga wasiƙa da rubutun hannu daga wani tsohon makanike, yana cewa motar dakon kaya da ta gifta ta gefen hagu ba a fara ƙera irinta ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Na koma na tsayar da hoton, na ƙura wa gaban motar ido, na ga gaskiyarsa. Motar ba ta fi daƙiƙa biyu a allo ba. Tun daga ranar nake duba motoci da tufafi da allunan shaguna kafin in duba rubutun da ke kan gwangwani.

To idan babu fim, me ya rage? Akwai abubuwa da yawa da suka fi ƙarya kyau. Akwai wurin da abin ya faru, wanda yake nan har yanzu, ka je ka ɗauke shi a irin lokacin da abin ya auku, da irin haskensa. Akwai takardu da wasiƙu da taswira da kayan da mutanen suka taɓa da hannunsu. Yaƙin basasar Amurka an yi shi ne daga 1861 zuwa 1865, babu hoto mai motsi ko ɗaya, amma a 1990 mai shirya fim Ken Burns ya riƙe miliyoyin masu kallo da hotuna marasa motsi, kyamara tana tafiya a hankali daga hannun soja zuwa idonsa, wata murya tana karanta wasiƙarsa. Wannan dabara tana buƙatar haƙuri da zaɓen inda ido zai sauka.

Kwaikwayo da 'yan wasa ban hana ka ba, ko da yake ni ba na ƙaunarsa. Idan ya zama dole, ka nuna hannu yana rubutu ko ƙafa tana tafiya, ka guji fuska, kada ka sa wa mamaci maganar da babu ita a rubuce, kuma ka rubuta a allo cewa kwaikwayo ne.

A ɓangaren kimiyya abin ya fi ɓoyuwa, domin na'ura ce ta samar da hoton, mai kallo kuma ba ya zargin na'ura. Hoton baƙin ramin sararin samaniya da aka fitar a Afrilun 2019 an haɗa shi ne daga igiyoyin rediyo da na'urorin hangen nesa guda takwas suka tattara, kuma launin ruwan lemon da ke zagaye da shi zaɓa aka yi don a nuna ƙarfin haske, ba abin da ido zai gani ba ne. Haka hotunan ƙwayoyin cuta da ake ɗauka da madubin lantarki, asalinsu toka-toka ne, fenti daga baya yake zuwa. Ba laifi ba ne a yi amfani da su, jimla ɗaya ta mai sharhi ta isa ta bayyana hakan, sau da yawa ma bayanin ya fi hoton daɗi. Sai kuma ma'auni. Mai zanen kwamfuta zai so ya kusanto da farin wata kusa da duniya don su shiga allo tare, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan kilomita 384,000, wato za a iya jera duniya talatin a tsakani. Ka nuna tazarar gaskiya ko sau ɗaya, sannan ka ce daga nan za mu matso da su.

Ka tuna da ce-ce-ku-cen da ya tashi a 2011, lokacin da aka gano cewa wasu jariran farar dabbar nan ta ƙanƙara, wato polar bear, da BBC ta nuna a cikin raminsu, a gidan namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke su. Dabbobin na gaske ne, bayanin ma daidai ne, kuma an ambaci yadda aka yi a shafin intanet na shirin, amma wanda ke zaune gaban akwatinsa ya ɗauka a daji ne, shi ya sa ya ji an yaudare shi.

Yanzu ga aikinka. Gobe da safe ka buɗe rajistar hotunan shirin da muke kai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta inda kowanne ya fito, da shekararsa, da wanda ya ɗauka, da ko an ba mu izinin amfani da shi. Ka fara da minti na goma sha huɗu, inda ka sa taron jama'a a kan jimlar da ke maganar annobar mura ta 1918. Hulunan mutanen nan ba su kwanta mini ba.